Waiwaye: Yadda takaddamar jirgin Scarborough ta bar jama'a a bas

Unguwar Scarborough da ke gabashin Toronto a Kanada gari ne mai cin gashin kansa har zuwa 1998, lokacin da aka haɗe ta da birnin. Daga 1985 zuwa 2023 tana da wani ƙaramin jirgin ƙasa mai tashoshi shida da ake kira RT, wanda ke kai fasinjoji tashar Kennedy, inda dole su sauka su canza zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan sauka da sake hawa ya daɗe yana ci wa mazauna unguwar tuwo a ƙwarya.

Da jirgin ya tsufa, sai Magajin Gari David Miller ya fito da shirin Transit City a 2007, na shimfiɗa layukan ƙananan jirage masu bin doron ƙasa, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi kuma suka fi saurin ginuwa. Rob Ford, da ya gaje shi a ƙarshen 2010, ya soke shirin ranar da ya kama aiki. Hujjarsa ita ce irin waɗannan jirage suna cinye wa motoci hanya, alhali kuwa layin Scarborough zai bi turbar RT ce, wadda ba ta haɗu da titi ba. Majalisar birni ta maido da shirin a 2012, gwamnatin lardin Ontario kuma ta ɗauki nauyin gina layi mai tashoshi bakwai.

Sai dai kafin nan muhawarar ta riga ta bar hannun injiniyoyi ta koma batun mutunci, domin 'yan siyasa sun nuna wa jama'ar Scarborough, waɗanda yawancinsu baƙi ne da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe da 'ya'yansu, cewa ƙaramin jirgi rabon 'yan bora ne, na ƙarƙashin ƙasa kuwa na 'yan mowa da ke tsakiyar birni. A Oktoban 2013 majalisar ta juya baya, da ƙuri'a 24 da 20, ta zaɓi jirgin ƙarƙashin ƙasa mai tashoshi uku, ta kuma ƙara harajin gidaje don biyan kuɗin. A 2016, zamanin Magajin Gari John Tory, aka rage tashoshin zuwa ɗaya tak, amma kuɗin ya haura dalar Kanada biliyan uku. Doug Ford, ɗan'uwan Rob, da ya zama firimiyan Ontario, ya maido da ukun a 2019.

Ba a fara haƙa ramin ba sai a Janairun 2023. A ranar 24 ga Yulin wannan shekarar, tsohon RT ya goce daga kan dogo kusa da tashar Ellesmere, mutum biyar suka ji rauni, aka rufe layin baki ɗaya, aka sa bas-bas su riƙa jigilar fasinjojinsa zuwa Kennedy.