Tambarin dangi a Kebek: me zanen garkuwar yake faɗa?

Su wa ke yin wannan tambari?

Ƙungiyoyin zuri'a ne na mutanen Kebek, wani lardi a Kanada, masu jin Faransanci. Galibi kowace tana tattara jikokin kaka guda da ya haye teku daga Faransa, yawanci a ƙarni na 17. Dangin Tremblay, sunan da ya fi yawa a lardin, sun fito ne daga Pierre Tremblay, ɗan yankin Perche na Faransa da ya iso a 1647, ya auri Ozanne Achon a 1657.

Ke nan kakanninsu 'yan sarauta ne?

Ina! Yawancinsu manoma ne, da maƙera, da kafintoci, da sojojin rundunar Carignan-Salières da aka aiko a 1665, da 'yan matan da Sarki Louis na 14 ya biya wa kuɗin jirgi tsakanin 1663 da 1673 don su yi aure a can. Ba su bar wa kowa garkuwa ba. Jikoki ne suka zauna a zamaninmu suka tsara ta, kuma a ganina nan ne daɗinta yake: talaka ya samu abin da a da aka fi sanin bafade da shi.

To me ake zanawa?

Tarihin kakan ake matsewa a garkuwa ɗaya. Furen fleur-de-lys yana nuna asalin Faransa, shi ne kuma a tutar Kebek tun 1948. Jirgin ruwa mai filafilai, ƙetarar tekun Atlantika ce. Layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, Kogin Saint-Laurent ne, wanda gonakin farko suka jeru a bakinsa. Damin alkama ko garma na manomi ne, guduma ta maƙeri, takobi na soja. A ƙasa sai ɗan kirari, da Faransanci ko Latin.

Launi ma da dokarsa: ruwan zinariya da na azurfa ɓangare guda, ja da shuɗi da kore da baƙi ɓangare guda. Ba a ɗora ja kan shuɗi, ko zinariya kan azurfa, don zanen ya fito ko daga nesa.

Wa ke amincewa da tambarin?

Hukumar tambura ta Kanada, da aka kafa a 1988 ƙarƙashin Gwamna Janar a Ottawa. Kafin nan sai an nema a Landan ko Edinburgh.

Duk mai sunan zai iya amfani da shi?

A'a. Tambarin na ƙungiyar ne, ba na sunan ba. 'Yan kasuwar da ke buga "garkuwar danginka" a kofi da riga, sau tari ta wani baƙo ce da kuka yi tarayya a suna kawai.