Horon asibiti ga ɗaliban fasahar likitancin nukiliya: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibai da iyaye a Zariya sun saba jin labarin hoton eksire da na sikanin, amma fannin likitancin nukiliya baƙo ne ga mafi yawansu, kuma ko waɗanda suka san sunansa ba su cika sanin irin horon da ake bai wa mai son aikinsa a cikin asibiti ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mene ne aikin ma'aikacin wannan fanni, kuma da me ya bambanta da na mai ɗaukar eksire?

A hoton eksire, na'ura ce ke harba haske mai ratsa jiki daga waje, ya bi ta cikin mutum ya fita. A likitancin nukiliya kuwa ana sa wa majiyyaci ɗan sinadari mai fitar da irin wannan haske, yawanci ta allura a jijiya, sinadarin ya tafi gaɓar da ake son dubawa, sannan wata na'ura da ake kira kyamarar gama (gamma, sunan irin wannan haske) ta ɗauki hasken da ke fitowa daga cikin jikin. Abin da hoton ke nunawa shi ne yadda ƙoda ko zuciya ko ƙashi ke aiki, fiye da siffarsu. Ma'aikacin fasaha shi ne ke auna maganin, ya tabbatar da lafiyar na'urori, ya kwantar da majiyyaci daidai, ya ɗauki hoton ya gyara shi, sannan likita ya karanta ya rubuta sakamako.

Me ya sa karatun aji kaɗai ba ya wadatarwa?

Saboda maganin da ake aiki da shi raguwa yake yi ko ana amfani da shi ko ba a yi. Sinadarin da aka fi amfani da shi a duniya, teknishiyam-99m, ƙarfinsa yana komawa rabi duk bayan awa 6. Allurar hoton ƙashi ta babban mutum, wadda ke kusan megabekarel 740 (ma'aunin ƙarfin sinadarin) da ƙarfe 8 na safe, za ta koma 370 da ƙarfe 2 na rana. Kowane ɗalibi yana iya wannan lissafi a takarda. Abin da takarda ba ta koya masa shi ne yadda zai yi idan majiyyacin da aka zuƙo wa allura bai iso ba saboda motar da ta taso da shi daga ƙauye ta lalace a hanya, ko idan jijiyar tsohuwa ta ƙi samuwa alhali sirinjin na hannunsa yana haska masa yatsu. A ganina wannan shi ne ainihin dalilin horon, domin saurin hannu da natsuwa ba a samunsu sai da maimaici a gaban wanda ya ƙware.

Daga ina ake fara koya wa ɗalibi?

Makonnin farko kallo ne da tambaya, sannan a shigar da shi ɗakin haɗa magani, wanda shi ne wuri mafi tsauri a sashen. A nan ake ajiye tukunyar darma da ake kira janareta, mai ɗauke da molibdinam-99, wanda ƙarfinsa ke komawa rabi cikin awa 66, kuma yayin lalacewarsa yake haifar da teknishiyam. Kowace safiya ana bi da ruwan gishiri mai tsabta ta cikinta a kwaso abin da ya taru, kamar yadda ake tatsar saniya da sassafe a bar ta ta sake tara nono. Daga nan ɗalibi zai koyi auna ƙarfin abin da aka tatso, ya gwada ko molibdinam ya ɓalle ya biyo shi fiye da ƙima, sannan ya haɗa shi da hodar da ta dace da aikin ranar, wadda ke kai shi gaɓar da ake son dubawa: MDP domin ƙashi, DMSA ko DTPA domin ƙoda, MIBI domin zuciya.

Masu koyarwa nagari sukan sa ɗalibi ya yi ta zuƙar ruwa zalla a bayan gilashin darma, da safar hannu da sirinji mai rigar kariya, har sai hannunsa ya daina rawa, kafin a ba shi sinadari na gaske. Akwai kuma rubutu, wanda matasa kan raina: kowace kwalba sai an rubuta mata suna da ƙarfi da lokacin awo, domin sirinji biyu masu ruwa fari ba a bambanta su da ido.

Ita kuma kyamarar fa?

Kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ana gwada ta kowace safiya kafin majiyyaci na farko, a ga ko duk fuskarta tana ɗaukar haske daidai wa daida. A cikinta akwai wani faffaɗan dutsen sinadari mai kama da gilashi wanda canjin zafi na farat ɗaya ke iya tsaga shi, saboda haka ɗalibin da zai yi aiki a ƙasarmu dole ya san abin yi idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a tsakiyar bazara.

Shin ɗalibi ba ya cikin haɗari?

Akwai haɗari idan aka yi sakaci, amma an san shi kuma ana auna shi. Ƙa'idar duniya ta kayyade wa ma'aikaci milisibat 20 (ma'aunin hasken da jiki ya sha) a shekara, bisa matsakaicin shekaru 5, ta kuma kayyade wa sauran jama'a milisibat 1. Kowane ɗalibi yana maƙala ɗan bajon awo a ƙirji, wanda ake karantawa lokaci-lokaci. Kariyar ta dogara ga rage lokacin tsayawa kusa da sinadari, da ja da baya, da sa darma a tsakani. Ninka tazara sau biyu yana mayar da hasken da ke isowa kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna goro a ɗakin magani. Ɗalibar da ta sami juna biyu ya kamata ta sanar da mai kula da ita da wuri domin a sake mata tsarin aiki. A Najeriya Hukumar Kula da Ƙa'idojin Nukiliya, wato NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ita ce ke ba da lasisi tana kuma sa ido.

Wane ɓangare ne ya fi wa ɗalibai wuya?

Sau da yawa magana da marasa lafiya ce. Kalmar nukiliya kaɗai takan tsorata mutum, kuma dattijon da ya ji ta zai iya tuna bam. Ɗalibi yana bukatar ya iya cewa, "Baba, maganin kaɗan ne ƙwarai, kafin gobe war haka yawancinsa ya fita, ku dai yawaita shan ruwa," ba tare da ya yi ƙarya ko ya ƙara tsoro ba. Hoton ƙashi yana bukatar jiran awa 2 zuwa 3 bayan allura, ana shan ruwa ana fitsari, don haka mai azumi sai a tattauna da shi tun ranar da ake ba shi lokaci. Tun da ta fitsari sinadarin ke fita, ɗigonsa a wando yana iya bayyana a hoto kamar ciwo a ƙashin ƙugu.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta ciki da shayarwa. Wajibi ne a yi wa duk macen da ke shekarun haihuwa, kuma a wurinmu kunya takan hana amsa ta gaskiya idan suruka ko ƙanin miji na tsaye. Ɗalibi yana koyon ya keɓe ta cikin ladabi, ko ya nemi ma'aikaciya mace ta tambaya. Haka nan wanda aka ba aidin-131 domin ciwon halittar tayirod da ke a wuyan mutum, sinadarin da ke ɗaukar kwana 8 kafin ƙarfinsa ya koma rabi, ana umartarsa ya kwana shi kaɗai, ya nisanci yara da masu ciki na wasu kwanaki. Faɗin haka abu ne mai sauƙi, amma a gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya kuma banɗaki ɗaya ne ga mutum goma, sai an zauna da iyalin an tsara yadda zai yiwu.

Me Zariya ke da shi da zai taimaki ɗalibi?

Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, tana da tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyam maras ƙarfi a 2018. Ƙarama ce, mai kimanin kilowat 30, an yi ta domin nazarin sinadarai da koyarwa, saboda haka molibdinam ɗin asibiti daga waje ake shigo da shi. Afirka ta Kudu na cikin manyan masu samar da shi. Asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika, kusa da Zariya, yana da sashen gashin ciwon daji da haske mai ratsa jiki, inda ake ganin irin majiyyatan da aka fi turawa yin hoton ƙashi. Amma horon hannu sai inda kyamarar gama ke aiki, kuma irin waɗannan wurare kaɗan ne a ƙasar. Waɗanda suka fi daɗewa su ne asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

Yaushe ake barin ɗalibi ya yi aiki da kansa?

Bayan ya kalla, ya taimaka, ya kuma yi aikin sau da yawa a gaban mai kula da shi, wanda ke sa hannu a littafin rajistarsa kan kowane irin gwaji daban. Ko a lokacin, mai lasisi ne ke ɗauke da alhakin kowace allura har ɗalibin ya kammala karatu ya yi rajista.