Gudanar da Shafukan Sada Zumunta Masu Yawa

Gudanar da shafukan sada zumunta masu yawa shi ne aikin riƙe shafuka a dandali fiye da ɗaya a lokaci guda, kamar Facebook da WhatsApp da Instagram da TikTok da YouTube da X. Aikin ya ƙunshi shirya abin da za a wallafa, da zaɓen lokacin sakinsa, da amsa saƙonnin mabiya, da duba alƙaluman da dandalin ke bayarwa, da tsare shafukan daga masu kutse. A manyan kamfanoni da gidajen jarida sana'a ce mai albashi. A wurin yawancin 'yan kasuwa da malamai da mawaƙa da 'yan siyasa kuwa, mai shafin ne da wayarsa, ko wani ƙane ko yaron shago da aka ɗora wa aikin ana kiransa admin.

Babban abin da ya kamata a fara sani shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan shafuka da ke mallakin mai shi da gaske. Kamfani ne ke da dandalin, shi ke tsara dokoki, shi ke yanke wa zai ga me, kuma yana iya rufe shafi ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Mai shafi kamar ɗan haya ne a rumfar kasuwa: kayan nasa ne, masu ciniki shi suka sani, amma mukullin ƙofar kasuwar yana hannun wani. Kusan duk ƙa'idojin wannan aiki daga nan suka samo tushe.

Tarihi

An kafa Facebook a 2004 a Jami'ar Harvard da ke Amurka, aka buɗe shi ga kowa a 2006. YouTube ya fito a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010. A ƙarshen 2007 Facebook ya ƙirƙiro shafukan da ake kira fej, waɗanda suka bambanta da shafin mutum na kansa, domin kamfanoni da fitattun mutane. Daga nan ne mutum ɗaya ya fara riƙe fuska biyu a dandali ɗaya, ta gida da ta kasuwa. A Najeriya, matasa da dama ta manhajojin hira na 2go da BBM suka fara shiga harkar kafin WhatsApp ya kwashe jama'a, kuma a 2016 Facebook ya sanya Hausa cikin harsunan da ake iya amfani da shi da su.

Yawan dandali bai zama yawan masu dandalin ba. Google ya sayi YouTube a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, sannan WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, kuma a 2021 ya sauya sunan uwar kamfanin zuwa Meta. TikTok na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin, ya kuma bazu a duniya bayan haɗewarsa da manhajar gajeren bidiyo ta Musical.ly a 2018. Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya mayar da sunansa X a Yulin 2023. Saboda haka wanda yake ganin ya rarraba ƙafa don yana Facebook da Instagram da WhatsApp, a hannun kamfani ɗaya yake. An ga haka ƙarara ranar 4 ga Oktoba, 2021, da ukun suka ɗauke tare na kimanin awa 6.

Saƙo ɗaya, dandali daban-daban

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne kwafe abu ɗaya su zuba a ko'ina. Kowane dandali da irin abin da yake ɗauka. X ya fara da iyakar haruffa 140, ya ninka zuwa 280 a 2017, kuma har yanzu wurin gajeriyar magana ne da labarin yanzu-yanzu. Facebook yana jure dogon rubutu da muhawara a ƙarƙashinsa. Instagram ido yake ciyarwa. TikTok da Reels na Instagram da Facebook da Shorts na YouTube bidiyo ne na tsaye wanda dole ya kama mai kallo cikin daƙiƙun farko, YouTube kuma yana riƙe dogon karatu ko hira da mutane za su nemo bayan shekaru. WhatsApp daban yake da dukkansu, domin ba baƙi ake yi wa magana ba, mutane ne masu lambar wayarka, kuma a nan ne ciniki ya fi faɗawa.

Wanda ya ƙware kan ɗauki abu guda ya sarrafa shi. Mai sayar da atamfa da leshi, alal misali, za ta ɗauki bidiyo ɗaya na sababbin kaya: gutsure ya tafi TikTok, hotuna su tafi Instagram, farashi ya hau sitatus, mai so ya biyo ta WhatsApp. Malamin da ya yi karatun awa ɗaya zai sa cikakkensa a YouTube, a yanko mas'ala ɗaya ta minti biyu a sa a Facebook, a cire sautin kaɗai a tura zaurukan WhatsApp da Telegram saboda masu ƙarancin data. Wannan batu na data ba ƙarami ba ne a wurin masu sauraron Hausa, kuma shi ya sa sauti da hoto mara nauyi suke kai wa inda dogon bidiyo ba ya zuwa.

Akwai kuma matsalar rubutu. Wasu na rubuta ƙasa, wasu kasa, wasu k'asa, kuma wurin bincike ba koyaushe yake gane cewa abu ɗaya ake nufi ba. Sunan shafi a yawancin dandali ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa. Shi ya sa masu lura kan zaɓi suna ɗaya mai sauƙin rubutawa, su kama shi a duk dandalin tun da wuri, ko da ba su fara amfani da wasu ba, don kada wani ya riga su ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunansu.

Manhajojin tsara wallafa

Tun a 2008 aka fara samun manhajojin da ke tattara shafuka a allo ɗaya. A shekarar ne Hootsuite ya fito a birnin Vancouver na Kanada, a cikinta ne kuma TweetDeck ya fito, wanda Twitter ya saye a 2011. Buffer ya biyo baya a 2010 daga Birmingham ta Ingila. A 2020 Facebook ya fitar da nasa na kyauta, wanda yanzu ake kira Meta Business Suite. Aikinsu shi ne mutum ya zauna sau ɗaya ya jera abin da zai fita cikin mako, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Su ma da yardar dandalin suke aiki: da Twitter ya daina ba irin waɗannan manhajoji ƙofar shiga dandalinsa kyauta a 2023, ƙananan manhajoji da yawa sun tsaya.

Jera wallafa tun kafin lokaci yana da haɗarinsa. Tallar da aka tsara tun Litinin tana iya fita ranar da aka yi babban rashi ko wani bala'i a gari, mutane su ɗauka mai shafin ba shi da tausayi. Dole mai kula da shafi ya san yadda ake dakatar da jerin nan take.

Ba duk mabiya ke ganin abin da aka wallafa ba. Instagram ya daina jera abubuwa bisa lokacin fitowarsu a 2016, Facebook kuma a Janairun 2018 ya sanar da fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na fej-fej. Tun daga nan yawan mabiya ya rage daraja a matsayin ma'auni. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne mutum nawa abin ya kai gare su, minti nawa suka kalla, nawa suka turo saƙo. Sayen mabiya na bogi kuwa asarar kuɗi ce, domin ba sa kallo ba sa saye, kuma dandalin kan share su.

Tsaro

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan aka fi yin sakaci. Kowane shafi a rataye yake da lambar waya ko adireshin imel, kuma duk wanda ya riƙe waɗannan biyun shi ne mai shafin a idon kamfani, ko da wani ne ya yi shekara goma yana tara mabiyan. Sau da yawa mutum kan je shagon gyaran waya ko ya ba wani yaro ya buɗe masa shafi, a sa imel ɗin da shi kansa bai san kalmar sirrinsa ba. Ranar da aka saɓa, ko wayar ta ɓace, sai a tarar babu hanyar dawowa. Haka nan layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanonin sadarwa kan sake sayar da shi ga wani, sabon mai layin kuma shi zai riƙa karɓar lambobin shiga.

Damfarar da ta fi yawa ba ta buƙatar wata ƙwarewar kwamfuta. Wani zai kira ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai yake, ko za a yi taro ta intanet, ko an saka sunanka a tallafi, ya nemi ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka. Lambobin nan su ne mukullin WhatsApp ɗinka. Da ya samu, sai ya shiga bin 'yan'uwa da abokan ciniki yana neman rance da sunanka. A Facebook da Instagram kuma, saƙo ne ke zuwa da tambarin kamfani yana cewa za a rufe shafinka saboda keta haƙƙin mallaka, ko za a ba ka shuɗiyar alamar da ke nuna an tantance shafi, in ka latsa wani adireshi ka sa kalmar sirri. Manya ma ba su tsira ba. A Afrilun 2013 an kutsa shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP aka wallafa ƙaryar fashewar bam a fadar White House, kasuwar hannun jarin Amurka ta faɗi na 'yan mintuna. A Yulin 2020 an yaudari ma'aikatan Twitter kansu, aka taɓa shafuka 130, ciki har da na Barack Obama da Bill Gates.

Matakan kariya sanannu ne. Kowane shafi ya samu kalmar sirrinsa daban, domin in ɗaya ce ga duka, faɗuwar ɗaya faɗuwar duka ce. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga, kuma manhajar da ke fitar da lamba a cikin waya ta fi saƙon tes tsaro, saboda ana iya sace layi. A rubuta lambobin ko-ta-kwana da dandalin ke bayarwa, don shiga shafi idan waya ta ɓace, a takarda a adana. Mafi muhimmanci ga mai admin: kada a ba shi kalmar sirri. Facebook da YouTube duk suna da tsarin ba wa mutum izinin wallafawa ko amsa saƙo ta nasa shafin, ba tare da ikon cire mai shi ba, kuma ana janye izinin ranar da aka rabu. Wannan ba rashin yarda ba ne da wanda ake aiki da shi, kariya ce gare shi ma, domin in an yi ɓarna za a san ta hannun wa ta biyo.

Idan dandali ya rufe

Dandali na mutuwa. Vine ya rufe a 2017, Google+ a Afrilun 2019, BBM na gama-gari a Mayun 2019. Gwamnati ma kan toshe. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020, masu miliyoyin mabiya suka wayi gari babu komai. Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na riƙe shafi fiye da ɗaya, kuma a dandalin kamfanoni daban-daban. Shi ne kuma dalilin ajiye asalin bidiyo da hotuna da rubutu a wani wuri na daban, da tattara lambobin abokan ciniki a littafi ko a waya, tunda jerin mabiya ba a ɗaukarsa a kai wani dandali. Sai dai shafi biyu ko uku da ake kula da su sun fi bakwai da aka bari babu mai amsa sallama, kuma shafin da aka yi watsi da shi ne masu kutse suka fi samun sauƙin ƙwacewa.

Kuɗi da doka

YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu tashoshi a 2007. A 2018 ya sanya sharaɗin shiga tsarin ya zama mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Meta ya buɗe wa masu shafuka a Najeriya da Ghana hanyar samun kuɗin talla a 2024. Duk da haka, mafi yawan masu shafuka ta hanyar sayar da hajarsu ko tallata ta wasu suke samu, kuma amana ta wajabta a bayyana wa mabiya cewa biya aka yi.

Abin da admin ya wallafa, mai shafin ake tambaya. A Najeriya ana gurfanar da mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma dokokin ɓata suna. Nijar ta kafa tata dokar laifukan intanet a 2019. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 da tara saboda bidiyon TikTok da aka ce ya ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Sanya waƙa ko yankin fim ɗin wani ba izini ma na jawo gargaɗi, kuma a YouTube gargaɗin haƙƙin mallaka 3 na iya kai wa ga rufe tasha.

Bayan rasuwar mai shafi

Google ya fito da tsarin zaɓen wanda za a miƙa wa bayanai idan an daina amfani da asusu a 2013, Facebook kuma a 2015 ya ba da damar naɗa wanda zai kula da shafin mamaci. Tun Disamban 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Tashar da ke kawo kuɗi ko fej ɗin kasuwanci dukiya ce da magada ke da haƙƙi a kanta, amma kamfanonin ba sa miƙa kalmar sirri ga dangi, don haka sai mai shafin ya yi wannan tanadi tun yana raye.