Dokar Turai kan sare daji da manomin koko da kofi

A watan Yunin 2023 Tarayyar Turai ta kafa wata doka da ake kira EUDR a taƙaice. Ta hana shigar da kaya bakwai kasuwarta muddin an samar da su a filin da aka sare dajinsa bayan ranar 31 ga Disamba, 2020. Kayan su ne koko, kofi, manja, roba, waken soya, shanu da katako, har da abin da ake sarrafawa daga gare su, irin su cakulan da taya. Ko da gwamnatin ƙasar manomi ce ta ba shi izinin sarewa, dokar ba ta karɓar wannan uzuri. Kuma dole a ce an noma kayan bisa dokokin ƙasar da suka fito, na mallakar fili da na ƙwadago.

A rubuce, nauyin yana kan kamfanin da ke shigar da kayan Turai. Shi zai gabatar da takardar shaida cewa ya bincika, kuma idan ya saɓa, tarar da za a iya ci masa tana kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a cikin Tarayyar.

To amma shaidar daga gona take fitowa. Kowane buhu sai an san gonar da ya fito, da lambobin wurinta a taswira. Gonar da ba ta wuce hekta 4 ba, ɗigo ɗaya ya isa; wadda ta wuce haka sai an zana iyakarta gaba ɗaya. Daga nan a ɗora lambobin kan hotunan tauraron ɗan'adam a ga ko akwai daji a wurin a ƙarshen 2020.

Nan ne abin ya fi damuna. Kwatdebuwa da Gana suna noma fiye da rabin kokon duniya, kuma mafi yawansa daga ƙananan gonaki yake fitowa. Haka kofin Habasha. Dillali yana zagaya ƙauyuka yana auna kaɗan nan kaɗan can, ya zuba su buhu ɗaya. Idan wani ɓangare na kayan ba a san asalinsa ba, dukkan lodin ya faɗi. Ga kuma manomin da ya bar dogayen itatuwa suna yi wa kofinsa inuwa, wanda shi ne ma ya fi kyautata wa muhalli: daga sama gonarsa tana iya kama da daji, ranar da ya rage rassa sai hoto ya nuna kamar ya yi ɓarna.

Manufar dokar daidai ce, domin faɗaɗa gonaki shi ne babban abin da ke cinye dazuzzukan duniya. Sai dai kamfanin da ke tsoron tara zai fi son saye daga babbar gona mai takardu, ya bar mai hekta biyu da ba shi da wayar zamani balle takardar fili.

An ɗage fara aiwatarwa daga 30 ga Disamba, 2024 da aka tsara tun farko. Wannan sarari ya kamata ya tafi wajen auna gonaki da yi wa manoma rajista ta ƙungiyoyinsu, kuma kuɗin aikin ya fito daga aljihun kamfanonin da ke cin ribar cakulan da kofi, kada a zaftare shi daga farashin da ake biyan manomi.