Karena a Gidan Raino, Ni a Kan Keke: Amsoshin Tambayoyin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun da na dawo Birnin Kebbi daga gasar Ironman ta Afirka ta Kudu, babu ranar da wani bai tare ni da tambaya ba, ko a ƙofar masallaci, ko a wurin aiki, ko ta WhatsApp da tsakar dare. Wasu gasar ce ta tsaya musu a rai, wasu kuma karena Duna, wanda na riƙa kai wa gidan raino a watannin da atisaye ya cinye mini lokaci. Tambayoyin ba sa canzawa, bakina ne kawai yake gajiya. Na rubuta amsoshin a nan domin duk wanda ya sake tambayata in tura masa, kowa ya huta.

Wace irin gasa ce wannan?

Tsere uku ne a jere cikin yini ɗaya: ninƙaya ta kilomita 3.8, tuƙin keke na kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Jimilla kilomita 226. Keken kaɗai ya fi tafiyar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. An fara ta a Hawai a 1978 da mutum 15, kuma 12 ne suka kai ƙarshe.

Na nawa ka zo, kuma nawa aka ba ka?

Na kammala kafin a rufe fili, wanda galibi sa'o'i 17 ake bayarwa. Gordon Haller, wanda ya lashe ta farko, ya yi sa'o'i 11 da minti 46, ni kuwa na haura 15. An ba ni lambar yabo da riga. Kuɗin shiga da na jirgi da na masauki duk daga aljihuna suka fito, don haka a daina tambayata rabon ganima.

Mene ne gidan rainon karnuka?

Wuri ne da ake kai kare da safe a ɗauko shi da yamma, ya yini tare da wasu karnuka a ƙarƙashin idon mai kula. Namu ba wani katafaren wuri ba ne irin na manyan birane. Fili ne mai katanga da rumfa a gidan wani ma'aikacin lafiyar dabbobi, mu biyar muke kai namu, muna haɗa kuɗin abinci da na yaron da yake tsaye a kansu.

Malam, ai kare gadi yake yi. Mene ne na sabar da shi da mutane har ya lalace?

Wannan tunanin shi ne yake jawo wa 'ya'yan maƙwabta cizo. Ka ɗaure kare da sarƙa a bayan gida tun yana kwikwiyo, bai taɓa ganin kowa ba sai mai kawo masa tuwo, sannan ka yi zaton jarumi ka raina. Matsoraci ka raina, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya shigo sallama. Karen da ya saba da mutane ya san yadda baƙon kirki yake shigowa gida da rana, saboda haka idan ya ji motsin da bai saba ba a kan katanga da dare, haushinsa yana da ma'ana. Duna yana wasa da yaran unguwa, kuma har yau babu wanda ya iya taɓa ƙofarmu da dare bai tashe ni ba.

Ya halatta Musulmi ya riƙe kare?

Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi bayani a kan gadin gida. Duna a tsakar gida yake kwana, yana da kwanonsa daban. Sauran bayanin a nema wurin malamin unguwa, fagensa ne.

Kwikwiyona yana da mako 9, allura ɗaya aka yi masa. In kai shi cikin karnuka yanzu, ko in jira ya gama allurai?

To, ga tambayar da ta cancanci a shimfiɗa tabarma a kanta, kuma amsar da ta dace da gidan wani ba lallai ta dace da naka ba, domin abubuwa biyu ne suke ja-in-ja, kowannensu kuma gaskiya ne.

Na farko, akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 ko 14, da yake ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin abin da duniya ta saba da shi: dattijo mai rawani, mace mai dogon hijabi, yaro mai ihu, akuya, babur, ƙarar janareta, da kuma ɗan'uwansa kare. Idan wannan lokaci ya wuce bai haɗu da su ba, tsoro yakan riga sabo shiga zuciyarsa, kuma fitar da shi daga baya aikin watanni ne, wani lokaci ma ba ya fita gaba ɗaya. Na biyu, alluran rigakafi ana fara su ne a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwarsa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ranar da wannan kariya take ƙarewa ta bambanta daga kwikwiyo zuwa kwikwiyo. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata 3. Ka ga ke nan ƙofar sabo tana rufewa kafin allurai su kammala.

Abin da ake tsoro a tsakanin nan shi ne cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda take kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayarta tana rayuwa a ƙasa watanni, kuma kai da kanka kana iya kawo ta gida a ƙasan takalminka. Akwai likitocin dabbobi a Amurka da suke ba da shawarar a fara haɗa kwikwiyo da sa'o'insa kwana 7 bayan allurar farko da maganin tsutsa, kuma shawara ce mai hujja, sai dai an gina ta ne a kan ɗaki mai tsafta da ake duba katin kowane kare kafin ya shiga. A garin da karnukan da ba su taɓa ganin allura ba suke kwana a kan juji, ba zan ɗauke ta yadda take in ɗora wa kowa ba.

Saboda haka sai ka dubi abubuwa uku. Shin gidan rainon yana duba katin allura da gaske, yana raba ƙanana da manya, kuma daɓensa na siminti ne da ake wankewa da bilic, ko kuwa turɓaya ce? Shin uwar kwikwiyon an yi mata allura, kuma ya sha nononta sosai, ko a kwali aka sayar maka da shi a bakin hanya yana da mako 4? Sannan allurar da aka yi masa, a ina aka ajiye ta? Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi, alhali da yanayin wutarmu, allurar da ta kwana biyu a firjin da ya daina sanyi ba ta da maraba da ruwa. Idan ukun nan duk sun yi kyau, kai shi na ɗan lokaci cikin sa'o'insa yana iya zama daidai. Idan ɗaya ya gurgunce, ni dai zan jira.

Jiran kuma ba ya nufin kulle shi a ɗaki. Duna bai taka gidan raino ba sai da ya wuce mako 16, amma kafin nan ina ɗaukarsa a hannu in tsaya da shi a bakin titi ya kalli babura da amalanke ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Yaran maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya su ba shi abinci a tafin hannu. Wani abokina yana kawo karyarsa, babba ce mai haƙuri wadda ta gama allurai, su yi minti 20 a tsakar gida. Ita ce ta koya masa cewa cizon wasa yana da iyaka, darasin da ni ba zan iya koya masa ba. Duk da haka, kafin ka yanke hukunci ka je wurin likitan dabbobi na garinku, domin shi ne ya san ko fabo tana yawo a wannan watan. Idan abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A kogin Matan Fada na Argungu ka koyi ninƙaya?

A'a. Kogunanmu suna da tsargiya, kuma wanda zai shiga ruwa sau 3 a mako na tsawon shekara bai kamata ya yi wasa da ita ba. A wurin ninƙaya na wani otal na yi, ina kai da komowa har in daina ƙirga. Sarkawan Argungu da na Yawuri sun fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, amma teku wani abu ne daban, ga gishiri, ga sanyi, ga igiyar ruwa, ga ɗaruruwan mutane suna shurin fuskarka. Wanda bai fito cikin sa'o'i 2 da minti 20 ba, gasarsa ta ƙare tun da hantsi.

Na kai karena gidan raino, ranar farko ya yi gurnani ya ɓuya a ƙarƙashin benci. Shi ke nan ba zai saba ba?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, nawa ma haka ya yi. Laifin yawanci namu ne, da muke jefa kare cikin taro kai tsaye mu tafi aiki. A fara da kare ɗaya mai sanyin hali, a yi tafiya da su gefe da gefe, kowanne da igiyarsa, kafin a sake su. Ranar farko rabin sa'a ta isa. Ki lura da jikinsa: idan ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya, gayyatar wasa ce. Idan ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana yawan hamma da lasar baki, ko jikinsa ya sandare, a fitar da shi ya huta. Kada kuma a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne yake cizo babu sallama. Akwai kuma karen da har abada ba ya son taro, kamar yadda akwai mutane irin haka, wannan a samar masa aboki ɗaya a ƙyale shi.

Yaya ka yi atisaye da zafin Kebbi?

Bayan sallar asuba nake hawa keke, in sauka kafin rana ta ɗaga, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi yake haura digiri 40. Doguwar tafiya sai da hunturu, a kan hanyar Argungu ko ta Jega. Da azumi na rage aikin sosai, na mayar da shi bayan tarawihi. Masu cewa za su yi kilomita 100 da azumi a bakinsu don nuna jarumta, asibiti suke nema.

Zan iya fita gudu da karena?

Ba kafin ƙasusuwansa su gama girma ba, wato shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi, kuma ba da rana ba. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma zai bi ka har ya faɗi. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta. Idan ka kasa jurewa, shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba.

Me kake ci a tsawon sa'o'in nan?

Dabino, ayaba da ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan, tun kafin yunwa ta zo. A kan keke ake cin yawancinsa, domin ciki ba ya karɓar abinci sosai idan an fara gudu. Ruwa zalla da yawa ba tare da gishiri ba yana da haɗari. Kuma duk abin da ba ka gwada a atisaye ba, kada ka kai shi baki ranar gasa.

Idan wani kare ya ciji yaro fa?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a nemi allurar haukan kare. Ba a jira a gani, ba a shafa toka, ba a ɗaure da ganye. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Ni ma ina so in yi Ironman a bana. Ta ina zan fara?

Ba a bana ba. Fara da ƙaramar: ninƙaya mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Daga nan ka yi irin ta Olamfik, wato kilomita 1.5 da 40 da 10, sannan rabin Ironman mai kilomita 113. Ka je likita ya duba zuciyarka da hawan jininka tukuna. Idan kuma kana da kare, ka shirya inda zai yini tun kafin ka sayi keke, domin Asabar ɗinka gaba ɗaya a kan hanya za ta riƙa ƙarewa.

Za ka ara mini kekenka in gwada?

A'a.