Ba Gutenberg Ne Ya Fara Ɗab'i Ba

Da yawa daga cikinmu mun taso da jin cewa Johannes Gutenberg, mutumin birnin Mainz na Jamus, shi ne ya ƙago ɗab'i wajajen shekarar 1450. Wannan magana ta tauye haƙƙin mutanen ƙasar Sin, domin sun riga shi da ƙarnuka.

Tun zamanin daular Tang suke sassaƙa rubutun shafi guda a juye a kan allon katako, su shafa masa tawada, su shimfiɗa takarda su goga bayanta har rubutun ya fito ɓaro-ɓaro. Wani littafin addinin Buddha da aka gano a cikin kogo a Dunhuang ta ƙasar Sin, wanda yanzu yake ajiye a Landan, a shekarar 868 aka buga shi ta wannan hanya.

Hatta haruffan da ake jerawa a wargaza, wani Basine mai suna Bi Sheng ya yi su da gasasshen yumɓu wajajen 1040, kuma a 1377 Koriyawa sun buga littafi da haruffan ƙarfe. Abin da ya hana dabarar mamaye Sin shi ne rubutunsu yana da dubban alamomi, saboda haka sassaƙa allo ya fi sauƙi da arha.

Gutenberg dai ya cancanci yabo, don kuwa ya haɗa zubin haruffa da dalma, tawada mai mai da injin matsi, ga shi haruffan Turawa 'yan kaɗan ne, shi ya sa aikinsa ya bazu a Turai cikin hanzari.