White Zombie (fim ɗin 1932)

White Zombie fim ne na ban tsoro da aka shirya a Amurka aka sake shi a shekarar 1932. Victor Halperin ne ya ba da umarni, ɗan'uwansa Edward Halperin ya ɗauki nauyin shiryawa, Garnett Weston kuma ya rubuta labarin. Bela Lugosi, ɗan asalin ƙasar Hangare wanda ya yi suna da fim ɗin Dracula a 1931, shi ne ya fito a matsayin mugun boka. Masana tarihin fim na ɗaukarsa a matsayin dogon fim na farko da aka gina kan zombi, wato gawar da ake cewa an tayar da ita da sihiri domin ta yi wa wani bauta. Baƙi da fari ne, tsawonsa awa ɗaya da 'yan mintoci. Ya kuma yi suna ta wata fuskar da masu shi ba su nufa ba: da wuya a sami tsohon fim ɗin da aka sayar da munanan kwafinsa a kasuwa kamar wannan.

Labarin

Wani ma'aikacin banki mai suna Neil Parker da budurwarsa Madeleine Short suna cikin keken doki da dare a ƙasar Haiti, za su gidan wani mai gonaki, Charles Beaumont, inda za a ɗaura musu aure. A hanya suka tarar ana binne gawa a tsakiyar titi. Mai tuƙin keken ya ce musu ana yin haka ne don kada ɓarayin gawa su tone kabarin, tunda titi ba ya rabuwa da masu wucewa. Can gaba suka ci karo da mugun boka Legendre, wanda ake wa laƙabi da Murder, da ayarin bayinsa marasa magana. Ya fizge gyalen Madeleine kafin keken ya tsere.

Ashe Beaumont ba don Allah ya gayyace su ba, son yarinyar yake yi. Da ya ga ba ta da niyyar sauya ra'ayi sai ya tafi wurin Legendre a masana'antarsa ta matse rake, ya karɓo wani magani ya sa a furen amarya. Bayan ɗaurin aure Legendre ya sassaƙa kyandir da siffar mace, ya naɗe shi da gyalen nan, ya kara a wuta. Madeleine ta yanke jiki ta faɗi, aka yi jana'izarta. Daga baya aka ɗauke ta daga kabari zuwa fadar Legendre da ke kan dutse a bakin teku. Beaumont ya sami abin da ya nema, amma jiki ne ba ruhi: tana kaɗa fiyano, idonta a buɗe, ba ta san kowa ba. Ya roƙi boka ya dawo da ita yadda take, boka ya shayar da shi irin maganin shi ma. Neil da wani ɗan mishan, Dakta Bruner, suka bi sawu har fadar. A ƙarshe bayin suka bi juna suka zube daga kan dutse, Beaumont ya tura Legendre su biyu suka faɗa, Madeleine ta farfaɗo.

Wurin da ya fi zama a zuciyar masu kallo shi ne masana'antar raken. Ba kiɗa, ba magana, sai ƙarar katakon injin da gawarwaki ke juyawa. Ɗaya daga cikinsu ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin injin, sauran ko waiwaye ba su yi ba, aiki ya ci gaba. A nan Legendre yake yaba wa baƙonsa ma'aikatan da cewa ba sa ƙorafin tsawon lokacin aiki.

Haiti da addinin Vudu

An yi fim ɗin ne lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da Haiti, daga 1915 zuwa 1934. A wannan zamani littattafai da labaran jarida kan tsibirin suka cika Amurka, mafi yawansu masu zuzuta abin da zai razana Bature. Wanda ya fi tasiri shi ne The Magic Island na William Seabrook da ya fito a 1929, inda ya ba da labarin gawarwakin da ke aiki a gonakin rake. Daga shi fim ɗin ya ɗebo tunaninsa, har da wani sashe na dokar laifuka ta Haiti da Dakta Bruner ke karantawa, wanda ya mayar da shayar da mutum abin da zai sa a ɗauka ya mutu har a binne shi a matsayin kisan kai.

Vudu kuwa addini ne da bayin da aka kwaso daga Afirka suka gina a Haiti, daga al'adun Fon na tsohuwar daular Dahomey da ke Jamhuriyar Benin ta yau, da na Yarbawa da mutanen Kwango, aka gauraya da ɗariƙar Katolika. Mabiyansa na girmama iskokin da suke kira lwa, waɗanda ke hawa kan mutum a wurin biki, ana kuma kiran wanda aka hau doki, kamar dai yadda 'yan bori ke faɗa a ƙasar Hausa. Maganar zombi gefe ce ƙwarai a cikinsa, aikin mugun boka ne da mutanen Haiti ke kira bòkò a harshensu. Masana da dama na danganta tsoron da tarihin bauta a gonakin rake na zamanin Faransa, kafin 'yancin kai a 1804: ga wanda ya gaji wannan tarihi, babu abin da ya kai a hana shi hutawa ko bayan mutuwa. Fim ɗin ya taɓo wannan a masana'antar raken, sannan ya sake shi ya koma kan ceton Baturiya. Abin da ya nuna na Vudu kyandir ne da zare ido, ba ibadar mutanen Haiti ba.

Yadda aka shirya shi

Kamfanin 'yan'uwan Halperin ƙarami ne. An ɗauki fim ɗin cikin kwana 11 a watan Maris na 1932, da kuɗin da ake ƙiyasta wa dala dubu 50. Sun yi hayar fili a sutudiyon Universal, suka yi amfani da gine-gine da kayan da suka rage daga finafinan baya irin su Dracula da Frankenstein, abin da ya sa fim ɗin ya fi ƙarfin kuɗinsa a ido. Jack Pierce ne ya yi wa Lugosi kwalliyar fuska, Arthur Martinelli ya riƙe kyamara. Madge Bellamy ta fito a Madeleine, John Harron a Neil, Robert Frazer a Beaumont, Joseph Cawthorn a Dakta Bruner, Clarence Muse a mai keken doki. Kenneth Webb, wanda ya rubuta wasan daɓe mai suna Zombie da aka nuna a farkon shekarar, ya kai su kotu kan satar fasaha amma bai yi nasara ba.

Kamfanin United Artists ne ya rarraba fim ɗin, aka fara nuna shi a New York a ƙarshen Yulin 1932. Masu sharhi sun caccaki wasan 'yan fim ɗin, wanda ya yi kama da na zamanin finafinai marasa magana, amma ya ci riba. Halperin ya sake yin wani, Revolt of the Zombies, a 1936, bai kai na farko ba. Zombi mai cin naman mutane da aka sani yanzu ba daga nan ya fito ba. Wani mai ba da umarni, George Romero, ne ya kawo shi a 1968.

Kwafin kallo a gida

A tsohuwar dokar Amurka haƙƙin mallakar fim shekara 28 ne, sai an sabunta rajista kafin a ƙara. White Zombie ya fita daga wannan kariya, ya zama na kowa. Duk wanda ya sami zaren fim ɗin yana iya buga shi ya sayar, ba izini, ba biyan kowa. Wannan ne ya hana shi ɓacewa, shi ne kuma ya lalata shi.

Babban kamfani yakan adana asalin zaren da aka ɗauka da kyamara, daga shi ake fitar da kwafi mai kyau. Wannan fim ba shi da uban da zai yi masa haka. Abin da ya yi ta yawo shi ne zaren da aka nuna a majigi har ya gaji, da ƙananan kwafi masu faɗin milimita 16 da aka yi wa gidajen talabijin, maimakon milimita 35 na silima. An kuma sha sake fitar da shi a shekarun baya ana yanke wasu wurare, shi ya sa tsawon kwafi ke bambanta da 'yan mintoci. Da zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, daga baya faifan DVD, ƙananan kamfanoni suka yi ta buga shi, sau da yawa daga kwafin kwafi, suna cusa shi cikin tarin finafinan ban tsoro masu arha.

Lalacewar ta fi yi wa wannan fim illa fiye da wasu, saboda da duhu aka gina shi. Duk kwafin da aka yi daga kwafi, launin toka na tsakiya yana raguwa: baƙi ya dunƙule, fari ya ƙone. Wanda ya kalli irin wannan kaset zai ga fuskoki kamar farin faranti, dare kuma baƙi ƙirin, ba zai ga ayarin gawarwakin da ke saukowa daga tudu ba, balle inuwar masu rawa a bango lokacin da Neil ke shaye-shaye don baƙin ciki. Sauti ma haka: shuu a ƙarƙashin kowace magana, kalmomi na tsallakewa inda zare ya tsinke aka liƙa. Da yawa daga masu cewa fim ɗin ba a gane komai a cikinsa, kaset ɗin suke zagi ba su sani ba.

Gyara na farko mai daraja shi ne na kamfanin Roan Group, wanda DVD ɗinsa na 1999 ya daɗe a matsayin mafi inganci, tare da sharhin Gary Don Rhodes, marubucin cikakken littafi kan fim ɗin da ya fito a 2001. A 2013 kamfanin Kino ya fitar da shi a faifan Blu-ray, sai aka faɗa wata matsalar. An wanke hoton da kwamfuta fiye da kima don a cire ƙwayoyin da ke jikin zaren fim, aka kuma ƙara haske. Su waɗannan ƙwayoyi ba datti ba ne, da su hoton ya haɗu. In an goge su, saƙar tufafi da layin fuska sukan tafi tare. Fuskokin 'yan wasa suka koma sumul kamar na kakin zuma, masu sharhi suka yi ca. Abin da ya ceci faifan shi ne an saka kwafin da ba a taɓa ba a matsayin ƙari, da ƙarce da tabonsa, kuma shi masu sha'awar fim ɗin da yawa suka fi so. A 2014 kamfanin VCI ya fitar da nasa Blu-ray daga kayan Roan, wanda aka fi yabawa ta fuskar barin hoton da kamannin fim, ko da yake kaifinsa na hawa da sauka daga wuri zuwa wuri, gwargwadon zaren da aka samo kowane yanki. Ma'adanar fim da talabijin ta jami'ar UCLA ita ma ta yi nata aikin gyaran.

A intanet ana samun fim ɗin kyauta a YouTube da Internet Archive, kuma duk waɗannan zuriyoyin kwafi suna nan a gauraye ƙarƙashin suna ɗaya. Wasu an shafa musu launi da kwamfuta, wasu an ja hoton don ya cika faffaɗan allon zamani, alhali asalinsa kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsayi uku.